Kundin digiri na biyu a fannin shari'ar notari: me ake nema a wurin ɗalibi?

Ɗalibin da ya gama darussan aji, ya rage masa kundi, abin da yakan fara ɗaukowa shi ne ɗan littafin ƙa'idojin tsangaya. A ciki zai ga yawan babin da ake so, da tazarar layi, da girman harafi, da yadda ake jera manazarta, da ranar miƙa aiki. Duk waɗannan sharuɗɗa ne na gaskiya, kuma wanda ya yi wasa da su za a dawo masa da aikinsa. Amma a mako guda ake koyonsu. Abin da ke kayar da ɗalibai a wannan fanni yana wani wuri daban, wurin da littafin ƙa'idoji ya taɓo da layi ɗaya ya wuce: wai bincike ya ƙunshi matsala ta shari'a, kuma matsalar ta shafi aikin notari. Wannan layin ne nake son in tsaya a kansa, domin a ganina sauran sharuɗɗan duk daga gindinsa suka tsiro.

Sai dai kafin nan a san wane notari ake magana. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, notari yawanci lauya ne da aka ƙara wa izinin shaida sa hannu, da rantsar da mutane, da tabbatar da takardun da za su ƙetare iyaka. A jihohi da yawa na Amurka ma ba a bukatar ya karanta shari'a. Shi ya sa da wuya ka ji digiri na biyu sukutum a kan wannan aiki a can. A ƙasashen da suka bi tsarin Rumawa kuwa, kamar Faransa da Jamus da Italiya da Holan da Indonesiya da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, notari jami'i ne da hukuma ta ba amanar hatiminta. Shi ke sauraron ɓangarorin biyu, ya fahimci abin da suke nufi, ya gargaɗe su kan abin da zai biyo baya, ya rubuta takardar da kansa, ya karanta musu, sannan ya ajiye asalinta. Ba ya tsaya wa ɓangare ɗaya kamar lauya. Ƙungiyar notari ta duniya da aka kafa a Buenos Aires a 1948 ta masu irin wannan tsarin ce, kuma ƙasashen da ke cikinta sun haura 80.

Nauyin takardar da irin wannan jami'i ya rubuta shi ne tushen fannin baki ɗaya. A dokar Faransa, abin da notari ya ce ya gani da idonsa ko ya aikata da kansa, kotu za ta ɗauke shi gaskiya ne, sai fa in an shigar da ƙara ta musamman cewa jabu ya rubuta, kuma wannan hanya ce mai wuyar hawa. Takardar bashi da aka yi a gabansa ana iya zartar da ita ba tare da an jira hukuncin alƙali ba. Akwai kuma al'amuran da doka ta ce ba su ƙulluwa sam sai a gabansa: kyauta tsakanin rayayyu a sashe na 931 na kundin dokokin farar hula na Faransa, yarjejeniyar dukiyar ma'aurata a sashe na 1394, cinikin fili da gida a sashe na 311b na dokar Jamus. Hikimar ita ce rigakafi ya fi magani. A tsayar da hujja tun ana dariya, kada a zo ana neman ta ranar da aka ɓata.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga duk wanda ya karanta aya ta 282 a Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, inda aka ce marubuci ya rubuta a tsakaninku da adalci, wanda ake bi bashin shi ya yi shifta, a kuma kafa shaidu. Malaman Musulunci sun gina ilimi mai zaman kansa a kan haka, suka kira shi ilimin shuruɗɗa ko na wasiƙu. Imam Ɗahawi na Masar, wanda ya rasu a 321 bayan Hijira, ya yi rubutu mai yawa a kai, haka ma Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba. A Turai kuma, Rolandino na Bologna ya tattara fasahar notari a littafi wajen 1255, aka daɗe ana koyarwa da shi. Faransa ta ba aikin siffarsa ta zamani da dokar Maris 1803. Na kawo wannan ne don ɗalibi ya san fagen da ya shiga ya yi ƙarni da ƙarni ana noma shi, kuma abu ne mai wuya ya ce shi ya fara ganin wata matsala bai leƙa baya ba.

A wasu ƙasashe kundin nan ƙofa ce ta shiga sana'a. Indonesiya ce misali mafi bayyana. Dokarta mai lamba 30 ta 2004, wadda aka gyara da mai lamba 2 ta 2014, ta ce ba a naɗa mutum notari sai yana da digirin farko na shari'a da digiri na biyu na fannin notari, ya kai shekara 27, ya kuma yi wata 24 a jere yana koyon aiki a ofishin notari bayan ya gama karatun. A Faransa ma bayan digiri na biyu akwai horon shekara biyu a ofis, sannan mutum ya rubuta aiki ya kare shi a gaban kwamiti. Ke nan mai rubuta wannan kundi, a mafi yawan lokuta, mutum ne da gobe za a miƙa wa hatimi. Masu jarraba shi suna sane da haka, kuma da wannan idon suke karanta aikinsa.

To, mu koma ga matsalar bincike. Ɗalibi zai zo wa malaminsa da take kamar haka: rawar da notari ke takawa wajen rubuta takardar cinikin gida. Take ne mai kyau a ido, amma babu tambaya a cikinsa. Amsar tana cikin doka, duk mai iya karatu zai kwafo ta, ya cika shafi ɗari bai ce komai ba. Matsalar shari'a takan fito ne ta ɗaya daga cikin 'yan ƙofofi: ko dokoki biyu sun ci karo da juna, ko doka ta yi magana mai harshen damo, ko ta yi shiru a inda rayuwa ta riga ta wuce ta, ko kuma abin da ake yi a ofis ya rabu da abin da aka rubuta. Ɗalibin da bai iya nuna wa malaminsa ta wace ƙofa ya shigo ba, bai fara ba tukuna.

Bari in ɗauki misali ɗaya in bi shi. Takardar notari takan buɗe da cewa wane da wane sun bayyana a gabana. Me ake nufi da "a gabana"? Shekaru ɗari biyu ba wanda ya tambaya, don ma'anar ɗaya ce: jiki da jiki, a ɗaki guda. Yau mai sayarwa yana wata nahiya, ana ganinsa ta bidiyo, yana ji, yana amsawa. Ya bayyana ko bai bayyana ba? Dokar Indonesiya ta wajabta wa notari ya karanta takarda a gaban masu ita da shaidu aƙalla biyu, a sa hannu nan take, kuma in an saɓa wannan takardar na iya faɗowa daga matsayinta ta koma kamar wadda mutane suka rubuta a tsakaninsu. Amma bayanin da ke biye da sashe na 15 na dokar ya ambaci tabbatar da mu'amalar da aka yi ta na'ura. Ga cin karo, ga kuma magana mai harshen damo. Faransa ta fara takardar notari ta na'ura a 2008, amma masu sa hannu suna zaune a ofis. Sai annobar korona ta 2020 ta sa aka ba da izinin wucin gadi na yi daga nesa, daga baya aka bar shi dindindin ga takardar wakilci kaɗai. Jamus ta buɗe kafa wasu kamfanoni ta bidiyo a gaban notari daga Agusta 2022. Ka ga yanzu ɗalibi yana da abin yi. Zai iya tambaya: menene doka ke karewa da ta ce a bayyana? Tabbatar da ko wanene mutumin? Tabbatar da cewa hankalinsa na jikinsa? Ko tabbatar da cewa babu wani tsaye a bayan ƙofa yana tilasta masa? Na farko na'ura na iya taimakawa, na biyu da dama-dama, na uku kuwa kyamara ba ta ganin abin da ke bayanta. Daga nan za a iya gina hujja, a kuma iya musa ta. Kundin da ba a iya musa shi, ba a iya kare shi.

Sharaɗi na gaba yana manne da wannan, kuma kwamitoci kan tsananta a kansa: matsalar ta zama ta notari. Fannin ya taɓa gado, da aure, da filaye, da jingina, da kamfanoni, da haraji, don haka abu ne mai sauƙi ɗalibi ya rubuta aiki mai kyau a kan rabon gado sannan ya liƙa kalmar notari a take da babin ƙarshe. Gwajin da nake ganin ya fi kowane sauƙi shi ne a cire notari daga cikin kundin a gani. In aikin ya tsaya da ƙafarsa ba abin da ya ragu, to na wani sashe ne. Wanda ya cancanci sunan fannin shi ne wanda tambayarsa ke komawa kan ikon jami'in, ko siffar takardar, ko ƙarfinta a kotu, ko alhakin da ke wuyansa in abu ya lalace. Ɗauki dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da ke daidaita dokokin kasuwancinsu, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993. Gyaran da aka yi wa dokar a Wagadugu a 2014 ya ba kowace ƙasa damar sassauta wajabcin zuwa wurin notari wajen kafa ƙananan kamfanoni, kuma ƙasashe da dama sun yi hakan don rage kuɗi da ɓata lokaci. Mai nazarin kasuwanci zai tambaya ko kamfanoni sun ƙaru. Mai nazarin notari zai tambaya: aikin tantancewar da jami'in ke yi a da, wa ya gaje shi, kuma in takardun kafa kamfani suka fito da aibi, wa za a kama?

Sai hanyar bincike. Jami'o'i kan raba ta gida biyu. Akwai binciken nassi, inda ɗalibi ke zama da dokoki da hukunce-hukuncen kotu da maganganun masana ya warware su. Akwai binciken fage, inda zai fita ya ga yadda ake yi, ya yi hira, ya tattara bayanai. Kowanne halal ne. Laifin da ake yawan yi shi ne a rubuta a babi na ɗaya cewa an haɗa biyun, sannan a je a yi hira da notari biyu a kira shi fage. Tambayar ce ke zaɓar hanya. In kana son sanin ko takardar da ba a karanta wa masu ita ba tana da ƙarfi, nassi da hukuncin kotu za su amsa maka, ra'ayin mutum ɗari ba zai canja komai ba. In kana son sanin ko ana karantawar da gaske, babu littafin da zai gaya maka, sai ka je.

A nan ne wannan fanni ya bambanta da sauran rassan shari'a, kuma nan ne na fi jin tausayin ɗalibai. Kayan binciken nasu a kulle yake. Notari ya yi rantsuwar riƙe sirri. A Faransa tona sirrin sana'a laifi ne mai ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000, kuma asalin takardu na zama a ofis shekara 75 kafin a miƙa su gidan adana tarihi. A Indonesiya ko ɗan sanda da alƙali ba sa karɓar kwafin asalin takarda ko kiran notari sai da amincewar wata majalisa ta musamman, kamar yadda sashe na 66 ya tanada. To ina ga ɗalibi? Da yawansu kuma suna aiki a ofis, takardun na wucewa ta hannunsu kullum, sha'awar ɗaukar hoto ɗaya a sa a rataye tana da ƙarfi. Kada a yi. Hanyoyin da suka dace suna nan: hukunce-hukuncen kotu da aka wallafa, inda takardar ta riga ta fito fili, hukuncin majalisun ladabtarwa in ana samu, samfurin takarda wanda babu sunan kowa, tsofaffin takardu da wa'adin sirrinsu ya ƙare, da hira da izini, a ɓoye suna, a kuma rubuta a cikin kundin yadda aka ɓoye. Ya kamata a yi wannan lissafin tun a matakin gabatar da tsarin bincike, ba a fafe gora ranar tafiya. Take da yawa masu kyau sun mutu a wata na shida don mai su bai tambayi kansa daga ina bayanan za su fito ba.

Game da ra'in bincike ba zan daɗe ba, amma akwai abin da ke damuna. Kusan kowane kundi a wannan fanni zai kawo masanin falsafar shari'a Bajamushe Gustav Radbruch da ginshiƙansa uku na doka, adalci da amfani da tabbacin doka, wasu su ƙara masanin shari'a Hans Kelsen a kan alhaki. Zaɓin ba laifi ba ne, don tabbacin doka shi ne abin da notari ke samarwa. Laifin shi ne a shimfiɗa ra'in a babi na biyu, a yi masa shafi goma, sannan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In ka ɗauko Radbruch, to ka nuna min a babi na huɗu inda tabbaci ya ci karo da adalci. Ga tsohuwa da ba ta iya karatu ba, an bi duk ƙa'ida, an karanta mata takarda da harshen da ba ta ji sosai, ta dangwala yatsa, gidanta ya tafi. Takardar ta cika siffa. Shin notari ya sauke nauyin da ke kansa na wayar da kai, irin wanda sashe na 17 na dokar rubuta takardu ta Jamus ya ɗora? A irin wannan wurin ne ra'i ke aiki.

Manazarta kuma suna da tarko nasu. Dokar wannan fanni tana motsi. Faransa ta sake lambobin sassan hujja na kundin dokokinta na farar hula a 2016, ma'anar takardar hukuma ta tashi daga sashe na 1317 ta koma na 1369, kuma har yanzu ana samun masu kwafo tsohuwar lamba daga tsofaffin littattafai. Mai jarrabawa da ya ga haka ya san ɗalibin bai buɗe dokar da kansa ba. Mai kwatanta ƙasashe biyu kuma ya yi hattara da fassara: kalmar notari ɗaya ce a Landan da Faris, aikin ba ɗaya ba ne, kuma kwatancen da bai fara da wannan bambanci ba ya gina ɗaki a kan yashi. Haka nan wajibai sababbi sun shigo, kamar kai rahoton mu'amalar da ake zargi da halatta kuɗin haram, wanda shawarwari na 22 da 23 na FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da wannan laifi, suka haɗa har da notari, abin da ke goga kafaɗa da rantsuwar sirri. Littafin da aka buga kafin wannan ba zai ma ambace shi ba.

Sauran matakan na ofis ne, kuma kowace jami'a da nata: cika darussa da makin da ake so, amincewa da take, naɗa malami mai duba aiki ɗaya ko biyu, gabatar da tsarin bincike a gaban malamai, littafin da ke nuna sau nawa aka zauna da mai dubawa, tsakure da harshe biyu, wani wurin har da buga maƙala a mujallar ilimi kafin a ba da ranar kariya. Ɗalibi ya nemi bugun littafin ƙa'idoji na shekarar da yake ciki, kada ya dogara da kundin wanda ya gama kafinsa.

Akwai kuma takardar da ake sa wa hannu a farkon kundi, cewa wannan aikina ne. Jami'o'i na saka aiki a Turnitin da makamantansa, wato manhajojin da ke fitar da lambar da ke nuna yawan kamar rubutu da na wasu, su sa iyakar kamanceceniya. A fannin shari'a lambar kan yaudari mutum ta fuska biyu: nassin doka da dole a kawo shi yadda yake yana ɗaga ta, wanda kuma ya saci tunanin wani ya sauya kalmomi yana wucewa da lamba ƙarama. Ni ban ɗauki satar fasaha a nan daidai da ta kowane sashe ba. Mutumin da ya ƙirƙiro hirar da bai yi ba, ko ya kawo lambar hukuncin da bai karanta ba, ko ya bar wata manhaja ta ƙago masa shari'ar da ba a taɓa yi ba, ya rubuta "na gani" a kan abin da bai gani ba. Wannan shi ne ainihin laifin da dokar Faransa ke yi wa notari hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 15 in ya aikata shi a takardar hukuma. Wanda duk jarinsa shi ne a yarda da maganarsa, takardar farko da ya sa wa hannu a wannan hanya ita ce ta gaban kundinsa, kuma ina ganin malamai suna da haƙƙin su tsananta a kanta fiye da yadda ake yi.

Ranar kariya, a irin wannan shiri sau da yawa akan samu mai aikin notari a cikin kwamiti tare da malaman jami'a, kuma tambayoyinsu kan bambanta. Malamin jami'a zai bi diddigin hujja: tambayarka biyu ce a babi na ɗaya, ina amsa biyu a babi na biyar? Mai sana'a kuwa zai ce, to gobe da safe ga mutanen nan zaune a ofishinka, ɗaya ta bidiyo, me za ka yi, za ka sa hannu ko za ka ƙi? Ɗalibin da shawararsa ta tsaya a kan cewa gwamnati ta gyara doka, a kuma wayar da kan jama'a, a nan yake rasa ta cewa. Wanda ya yi aikin zai buɗe shafi ya nuna sashen da yake so a gyara, da lafazin da ya rubuta a madadinsa, da kalmomin da yake ganin ya kamata notari ya sa a farkon takarda in mutum ya bayyana daga nesa, da yanayin da zai ce a dakata sai mutumin ya zo da ƙafarsa.